Kiwon Motar Jeji: Tukwanen Mai Goma

Damina ta yi sallama, kaka ta kama. Yanzu ne motar jeji za ta shiga aikinta mafi nauyi na shekara, watau kwasar buhunan gero da dawa da gyaɗa da wake daga gona zuwa rumbu, daga rumbu zuwa kasuwa. Amma motar nan da za a labta wa kaya ita ce ta yi wata huɗu tana ratsa taɓo, tana ƙetare rafuka, ruwa har ya shanye cibiyar taya. Wanda ya sa ta aikin kaka bai leƙa cikinta ba, kamar manomi ne da ya fid da sansa daga huɗa ya ɗaura masa amalanke, ba dusa ba kanwa.

Galibin masu mota baƙin mai kaɗai suka sani. In an zare sandar awo an ga mai ya kai zane, sai a ce lafiya lau, a buga bonet a rufe. To, motar jeji mai ja da ƙafa huɗu ba haka ta ke ba. Tsohuwar Land Rover, alal misali, tukwanen mai goma gare ta, ko wace da kafarta dabam. Ɗaya ce kurum daga cikinsu ke da fitilar gargaɗi a gaban direba, watau ta inji. Sauran taran ba su kuka sai sun riga sun ƙone. Su ne kuwa ruwan damina ke shiga, su ne kuma gyaransu ke cin kuɗin amfanin gona guda.

Land Rover ce misalin da ya fi dacewa, gama asalinta motar manomi ce. Maurice Wilks, babban mai tsara motoci na kamfanin Rover a Ingila, yana da gona a wani tsibiri na ƙasar Wales, inda ya ke aiki da tsohuwar Jeep ta sojan Amurka wadda ta rage daga yaƙin duniya na biyu. A kanta ya ɗauki fasali a 1947, aka nuna sabuwar motar a birnin Amsterdam ran 30 ga Afrilu, 1948. Da ya ke ƙarfe ya yi wuya bayan yaƙi, sai aka yi jikinta da alminiyon, shi ya sa har yau a ke ganin waɗansu jiki garau, ko da shasi ya rube. Samfurin Series II ya fito a 1958, da Series IIA a 1961, da Series III a 1971, wanda aka yi ta ƙerawa har 1985. Awon da za a ambata a nan na waɗannan ne, masu inji mai silinda 4, cc 2,286, na fetur ko na gas. Mai Land Cruiser ko Hilux zai ga yawancin maganar ta shafe shi, amma awon litoci sai ya duba littafin motarsa.

Shiri

Ba a fafe gora ran tafiya. A zaɓi rana guda wadda ba kasuwa, a tanadi kaya tun jajibiri. Ba su da yawa: sifanu, da babban daro na tarar tsohon mai, da mazurari, da tsummoki masu tsabta, da kananzir kaɗan na wanki, da bindigar giris, da famfon hannu ko gora mai ɗan tiyo a baki, don man giya ba ya zubuwa daga sama, sai an tura shi ta gefe. A tsai da motar a wuri mai daidai, ba gangare ba, in ba haka ba duk awon da aka yi ƙarya ne. A wanke ƙarƙashinta tukuna. Laka busasshiya ta kan ɓoye matosai, in kuma an kwance matoshi da ƙasa a bakinsa, ƙasar ciki za ta faɗa.

Motar tana da tsayi, mutum na iya shiga ƙarƙashinta ba tare da an ɗaga ta ba. In lalle sai an ɗaga, kada kowa ya kwanta a ƙarƙashi jak ne kaɗai ke riƙe da ita. A sa ƙafafun ƙarfe ko gungumen itace mai ƙarfi, ba bulo ba, don bulo ya kan fashe ba sanarwa. Akwai wani abu kuma da mutane da yawa ba su sani ba. Birkin hannu na Land Rover ba tayoyi ya ke kamawa ba, farfelar baya ya ke kamawa, a bayan akwatin giya. Saboda haka da zarar tayar baya ɗaya ta bar ƙasa, birkin hannu ya zama ba shi da amfani, mota na iya gangarawa. Tilas a sa weji gaba da baya ga tayoyin da ke ƙasa.

Tukunya ta fari da ta biyu

Baƙin mai da ɗuminsa a ke juye shi. A ta da inji ya yi aiki kamar minti 10 a fili, ba cikin rufaffen ɗaki ba, sa'an nan a kashe a ɗan jira. Mai mai ɗumi ya fi saurin zuba, ya kan kuma fito da dattin da ya kwanta. A sa daro, a kwance matoshin ƙasa, a janye hannu da sauri, a bar shi ya tsiyaye sarai. Kafin a mayar da matoshi a duba washar jan ƙarfen da ke jikinsa, in ta baje a sake ta. A ɗaure daidai ƙarfin hannu, kada a taka sifana da ƙafa. Zaren da aka ci da ƙarfin tsiya ba ya komawa.

Matacin mai, wanda makanikai ke kira filta, yana cikin wani gwangwani a gefen inji, dogon noti guda ke riƙe da shi. A kwance, a yar da tsohuwar takardar ciki, a wanke gwangwanin da kananzir, a sa sabuwa. Inda a ke yin kuskure shi ne zoben roba da ke cikin tsagi a sama. Tsohon ya kan manne ya yi baƙi har ba a ganinsa, sai mutum ya ɗora sabo a kansa. Roba biyu ba su riƙe mai. Mota ta kan tashi lafiya, sai an yi nisa man ya tsiyaye a hanya. A sa tsinke a ƙwaƙule tsohon tukuna.

Injin yana cin kamar lita 6, filta kuma ta ƙara kusan lita 1. Ga na fetur a ƙasa mai zafi 20W-50 ya dace, ga na gas a nemi man da aka rubuta na gas ne, kamar 15W-40. Lambar farko tana nuna kaurin man sa'ad da ya ke da sanyi, ta biyu sa'ad da ya yi zafi. A sayi mai a rufe da hatiminsa, a wurin da aka sani. Akwai masu tace tsohon mai su ɗura a galan mai kyau, su sayar da rahusa, araha kuwa ba ta ado. Bayan an zuba a ta da inji, a ga fitilar mai ta mutu cikin 'yan daƙiƙu, a kashe, a jira, a sake aunawa. Mota mai aikin ƙura kada ta wuce mil 3,000, watau kusan kilomita 5,000, ba a juye mata ba. Wadda ba ta tafiya da yawa ma a juye bayan wata 6.

Kada a ɗauke daron nan ba a dubi abin da ke ciki ba, don tsohon mai labari ya ke bayarwa. Baƙi kawai ba laifi ba ne, musamman na gas. In ya yi fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ya shiga. In ya tsinke yana warin fetur, ko kuwa mai yana ƙaruwa a sanda maimakon ya ragu, to sau da yawa fatar famfon fetur ce ta huje, fetur na zuba cikin inji. In an murza shi a yatsu an ji yashi-yashi, ƙura ce ke wucewa, sai a koma ga tukunya ta biyu.

Ita ce ta matacin iska. Tsohuwar Land Rover ba takarda ta ke tace iska da ita ba. Wani babban gwangwani ne mai kwano a ƙasa, cike da baƙin mai kamar lita 0.85. Iska ta kan bugi man, ƙura ta maƙale ta nutse. Dabara ce mai kyau ƙwarai ga ƙasar hunturu, don ba abin da za a saya sai mai kaɗan, amma sai an kula. In laka ta taru a gindin kwanon ya daina aiki, ƙura ta wuce ta riƙa gogar silinda kamar yadda dutsen wasa ke cin wuƙa. A lokacin hazo, a hanyar burji, a duba ko wace safiya. A zubar, a kankare lakar, a wanke ragar wayar da kananzir ta tsane, a zuba sabon mai daidai zanen da ke jikin kwanon. Kada a wuce zanen. Injin gas in ya zuƙi man nan yana iya cinsa kamar gas, ya yi ta gudu ko an kashe makulli.

Tukwanen man giya

Sauran takwas duk mai iri ɗaya su ke sha, man giya mai kauri, mai wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, wanda a ke rubuta wa EP 90 ko 80W-90. Doka guda ce ke kansu duka, kuma ita ce ta fi kome muhimmanci a aikin nan: a fara kwance matoshin zubawa na sama, kāna a kwance na juyewa na ƙasa. Dalili kuwa, matoshin sama ya kan cije da tsatsa, ko kansa ya lalace har sifana ba ta kamawa. Wanda ya riga ya juye mai sa'an nan ya tarar na sama ya ƙi, ya zauna da mota ba mai, ba kuma hanyar zubawa, gari kuwa da nisa. In na sama ya ƙi tun farko, ba a yi hasarar kome ba, sai a tuƙa a kai wa makaniki.

Awonsu ba wuya. Ba sanda, kafar zubawa ita ce ma'auni. A tura mai har ya fara dawowa ta bakin kafar, a jira ya daina ɗiga, a toshe. In dubawa kawai za a yi, a sa ɗan yatsa a lanƙwasa, in ya taɓo mai shi ke nan.

Akwatin giya biyu ne manne da juna. Na gaba shi ne na giyoyin tafiya, yana cin kamar lita 1.5. Na baya shi ne mai raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, wanda sanda mai jan kai da mai rawayan kai ke aiki da shi, yana cin kamar lita 2.5. Mutane da yawa sun ɗauka tukunya ɗaya ce, su cika ɗaya su tafi. Ba haka ba ne, ko wane da matosansa. Akwai robar tare mai a tsakaninsu, wadda a ke kira sil, in ta tsufa mai ya kan yi ƙaura daga wannan zuwa wancan. Alamarsa ita ce a buɗe ɗaya mai ya yi ambaliya, a buɗe ɗayan a tarar ya yi ƙasa, alhali ba ɗigo ko ɗaya a ƙasa. Mai irin wannan mota sai ya riƙa dubawa ko wane mako har a gyara.

A jikin galan ɗin man giya a kan ga GL-4 ko GL-5. Na biyun ya fi yawan sinadarin da ke jure matsi, ya dace da aksul. Amma a cikin akwatin giya akwai zobba na tagulla masu daidaita shigar giya, kuma waɗansu mayukan GL-5 ba su jituwa da tagulla. Saboda haka GL-4 ya fi aminci ga akwatin giya, sai fa in an rubuta a jikin galan cewa man ya dace da duka biyu. In an ga ƙyalli kamar garin zinariya a tsohon mai, zobban nan ne ke cinyewa. Ɗan toka-toka mai laushi ba abin tsoro ba ne, amma gutsuren ƙarfe da za a iya ɗauka da yatsa haƙori ne ya karye, aikin ya wuce na gida.

Sai tulun aksul, na gaba da na baya, ko wane kamar lita 1.75. Doguwar Series III tana da babban aksul a baya, irin Salisbury, shi yana cin kamar lita 2.5. Nan ne damina ta fi yin ɓarna, ga kuwa yadda abin ke faruwa. Aksul ya yi tafiya ya yi zafi, iskar cikinsa ta kumbura. Sai direba ya faɗa rafi bai tsaya ba. Ruwan sanyi ya bugi ƙarfe, iskar ciki ta tsuke nan da nan, aksul ya zuƙi abin da ke kewaye da shi, watau ruwa da yashi, ta bakin sil ko ta hancinsa. Ruwan ba ya fita. Ya kan gauraya da mai ya zama kamar kunu, boris ya yi tsatsa, bayan wata biyu a fara jin gurnani daga baya in an saki totur. Sa'an nan mai mota ya ce kayan kaka ne suka yi nauyi, alhali tun Agusta aka yi ɓarnar.

Maganinsa uku ne, duk masu sauƙi. A tsaya bakin rafi minti kaɗan ƙarfe ya huce, dama ya kamata a sauka a taka ruwan a san zurfinsa. In an ratsa ruwa mai zurfi, a buɗe matoshi a gida a duba, in mai ya yi fari a juye ran nan, ko jiya aka zuba shi. Na uku shi ne hancin aksul. Wani ɗan ƙarfe ne a saman aksul, bai kai babban yatsa ba, ta nan ya ke numfashi. Laka ta kan toshe shi. In ya toshe, iska mai zafi ba ta da mafita sai ta tura mai ta sil ɗin cibiyar taya, man ya jiƙa takalman birki. Wanda ya ga mai na bin bayan taya, kafin ya sayi sil ya fara kwance hancin nan ya wanke da kananzir, ya girgiza ya ji ƙwallon ciki na motsi. Masu yawan shiga ruwa su kan cire shi su sa dogon siririn tiyo, su kai bakinsa sama cikin ɗakin inji inda ruwa ba ya kaiwa. Kuɗinsa kaɗan ne, amfaninsa da yawa.

A bayan ko wace tayar gaba akwai wani ƙwallon ƙarfe mai sheƙi, shi ne gwiwar da ke barin taya ta juya dama da hagu tana kuma ja. Su ne tukunya ta bakwai da ta takwas, ko wace kamar rabin lita. Su aka fi mantawa. A goge ƙwallon da tsumma a duba, in tsatsa ta yi masa zanzana za ta riƙa yaga sil, mai ya zube, ruwa ya shiga. Ƙusar da gwiwar ke juyawa a kanta a sama ba ta nutse cikin mai ba, sai abin da sandar ciki ta fantsama mata in tana juyawa. To, waɗansu motoci an sa musu cibiya mai makulli, wadda ke sakin tayoyin gaba don a rage shan mai. In an bar ta a sake wata da watanni, sandar ciki ba ta juyawa, ƙusar sama ta bushe, sitiyari ya yi tauri. A riƙa kulle cibiyoyin ana yin 'yan mil da su ko wane mako.

Ta tara akwatin sitiyari ne, a gindin sandar sitiyari. Ta goma wani ɗan tulu ne da ke tsaye cikin shasi a gaba, kusa da lagireto, mai miƙa juyin sitiyari zuwa ƙasa. Waɗannan biyu ba a cika juye su ba, ƙari a ke yi. Na gaban yana shan mai a hankali ƙwarai, sai an kwance ƙananan notuna biyu a samansa, a ɗiga ta ɗaya iska na fita ta ɗayan, da haƙuri. Akwatunan giya da aksul da gwiwoyi kuwa a juye su bayan mil 12,000, wajen kilomita 19,000, ko sau ɗaya a shekara. Ga manomi, lokacin da ya fi kyau shi ne yanzu, ƙarshen damina.

Tun ana ƙarƙashi

Farfela biyu ce, ta gaba da ta baya, ko wace galibi da nonon giris uku: biyu a mahaɗan kuros, ɗaya a inda ta ke zamewa ta ƙara tsawo. A goge nonon tukuna, a buga giris a kuros har sabo ya tunkuɗo tsoho ta kusurwa huɗu. Wurin zamewa kuwa bugu biyu ko uku ya isa. A kama farfelar a girgiza, in tana ƙwas-ƙwas kuros ya tafi. A cire busasshiyar ciyawa da ta naɗe a jikinta da wadda ta taru a kan salansa. A kaka wannan ba ƙaramin abu ba ne, salansa mai zafi da ciyawa busasshiya sun isa su cinye mota da gonar da ta tsaya a ciki.

Akwai kuma wata 'yar kafa a ƙarƙashin gidan kuloci, tsakanin inji da akwatin giya. An bar ta a buɗe da gangan don man da ya ɗigo ya sami mafita. Matoshinta yana ɗaure a wani ɗan ƙarfe kusa da ita, in ba a yar ba. Ana toshewa in za a shiga ruwa ko taɓo mai zurfi, a cire in an fito. Wanda ya toshe tun farkon damina ya manta, ya cire yanzu. In mai da yawa ya zubo, sil na bayan inji ko na gaban giya na yoyo, kuloci kuma na gab da fara santsi.

Ruwaye

Man birki sunansa kawai mai, amma ba dangin baƙin mai ba ne. DOT 3 ko DOT 4 a ke zubawa, a birki da kuloci duka. Ko cokali guda na baƙin mai ko man giya ya shiga, robobin ciki za su kumbura, birki ya mutu. Ruwan sabulu da waɗansu direbobi ke ɗurawa a hanya tsatsa ya ke jawowa, in kuma birki ya yi zafi ya tafasa. Shi kansa man birkin yana shan laima daga iska a hankali, shi ya sa a ke sake shi duka bayan shekara 2, kuma ba a amfani da ragowar gwangwanin da ya daɗe a buɗe. In ya ragu da yawa a kofinsa, ba ƙonewa ya yi ba, yoyo ne, a nemo wurin. Fid da iska daga birki aikin mutum biyu ne, wanda bai taɓa yi ba ya yi na farko tare da makaniki. Birkin motocin nan na ganga ne a ƙafa huɗu, in ya jiƙe ba ya kamawa. Bayan an fito daga rafi a yi tafiya kaɗan a hankali, ƙafa na ɗan taɓa birki, har ya bushe.

Lagireto ba a buɗe shi da zafi. Ruwan ciki a matse ya ke, da an saki murfi sai ya yi tsalle ya sale fuska. Ruwan rijiya mai gishiri-gishiri ya kan bar farin dutse a ciki, irin wanda ke kama gindin buta, ya toshe ƙananan bututu. Ruwan sama da aka tara a mazubi mai tsabta ya fi. Ruwan nan mai launi da a ke sayarwa, waɗansu na cewa na ƙasashen ƙanƙara ne, ba ruwan mai zafi da shi. Kuskure ne, don yana hana tsatsa, yana kuma sa ruwa ya daɗe bai tafasa ba. A sake shi bayan shekara 2. A duba fuskar lagireto, ƙaiƙayi da 'ya'yan ciyawa su kan like ta a kaka, a wanke daga baya zuwa gaba. Fanbel a danna da yatsa a tsakiya, ya lotsa kamar rabin inci.

A jikin famfon fetur akwai ɗan kofin gilashi, ruwa da datti na kwanta a gindinsa, ido na gani. A cire a wanke, a lura da zobensa wajen mayarwa. Na gas in an sake masa filta sai an fid da iska da famfon hannu kafin ya tashi. Batir mai murafu a ƙara masa tataccen ruwa ya rufe farantan ciki, ba asid ba. Wanda ya gaji mota ta kafin 1967 ya lura, yawancinsu kan jan batir ne ke haɗe da jikin mota, akasin na yanzu, in ba an riga an juya ba.

Mai Land Cruiser samfurin 70, wadda aka fara ƙerawa a 1984, zai tarar tukwanensa ba su kai goma ba. Matacin iskarsa na takarda ne, ba a wanke shi da kananzir, ba a kuma dukansa a jikin taya. Gwiwoyin gabansa giris su ke ci. Amma injin gas ɗin nan 1HZ mai silinda 6, wanda ya fito a 1990, yana da bel mai haƙora a rufe a gabansa, wanda tsohuwar Land Rover ba ta da shi. Ba ya ba da alama kafin ya tsinke, in ya tsinke kuwa inji ya yi mummunar ɓarna. A sake shi a kan adadin kilomitar da littafin motar ya faɗa.

Tsohon mai guba ne. Kada a zubar kusa da rijiya ko a fadama ko a kwata. Kada a shafa wa dabba don ƙazuwa ko kaska, yadda waɗansu ke yi, gama fata na shansa, dabba kuma na lasa. Mutum ma ya wanke hannu da sabulu, yawan zaman man a fata na kawo ciwo. A ɗura a galan a rufe a kai gareji, galan ɗin kuma kada ya koma na ruwa ko na man gyaɗa.

In an gama, a ƙirga matosai ɗaya-ɗaya da sifana a hannu. A sami ɗan littafi a ajiye cikin mota, a rubuta kwanan wata, da lambar mil, da abin da aka zuba a ko wace tukunya, da yadda tsohon ya fito. Sa'an nan a yi tafiyar mil 2 ko 3, a dawo a tsai da ita a wuri mai tsabta, a shimfiɗa kwali a ƙarƙashi ta kwana. Da safe a duba kwalin. Ɗigo baƙi na inji ne, mai kauri mai wari na giya ne, mai tsinkakken jiki kusa da taya na birki ne. Wurin da ɗigon ya faɗa a kwalin zai nuna matoshin da za a koma a ƙara ɗaurewa.